Ƙanwata za ta yi aikin girki a gidan Indiyawa: me ke bayan dokokin madafinsu?

Maman Nafisa, Bukoki (Yamai)

Salamu alaikum ƴan uwa, barkanmu da warhaka. Ƙanwata ta samu aikin girki a gidan wasu Indiyawa a nan Yamai, farkon wata za ta fara. Uwar gidan ta riga ta gindaya mata sharuɗɗa: ba a shiga madafi da takalmi, ba a ɗanɗana miya da ludayin da ke cikin tukunya, wasu ranaku babu albasa babu tafarnuwa, gurasar farko kuma ba a ba kowa, gefe ake ajiye ta. A kusurwar madafin akwai ƴar kanta mai hotuna da fitilar mai, an ce kada ta taɓa. Yarinyar ta iya girki, ba nan matsalar take ba. Abin da muke son sani shi ne, waɗannan dokoki na tsabta ne kawai ko na addini ne? In na addini ne, ina iyakar abin da ya shafe ta, ita da take musulma? Kuma wane kuskure ne ya fi saurin ɓata tsakanin mai girki da irin wannan gida? Wanda ya san abin da gaske ya taimaka mana da bayani filla-filla.

Malam Sani, Yantala

Wa alaikumus salam Maman Nafisa. Tsabta ce kuma addini ne, domin a gidan Hindu mai riƙe da al'ada ba a raba su. Madafi a wurinsu yana kusa da ɗakin ibada a daraja. Wutar murhu suna danganta ta da Agni, abin bautarsu na wuta, abinci kuma da Annapurna, wadda ke da sanannen wurin bauta a birnin Baranasi. Har a wajen gina gida, masu bin tsohon iliminsu na tsara gini suna son madafi ya kasance a kusurwar kudu maso gabas, mai girki kuma ta fuskanci gabas. Shi ya sa ake cire takalmi, shi ya sa a wasu gidajen uwar gida ba ta kunna wuta da safe sai ta yi wanka ta canza tufa.

Dokar da ta fi kowace nauyi, wadda in ƙanwarki ta riƙe ta rabin aikin ya ƙare, ita ce ta juta. Duk abin da ya taɓa baki ko yawun mutum ya zama juta, ba ya komawa tukunya, ba a ba wani. Abin yana yaɗuwa ne daga wannan zuwa wancan: cokali ya taɓa baki, cokalin ya gurɓata, an mayar da shi tukunya, duk tukunyar ta gurɓata, yatsan da aka lasa ya taɓa murfi, murfin ma haka. Wanda ke cin abinci ba ya ɗiban ƙari da hannun da yake ci da shi, sai dai a zuba masa, ko ya yi amfani da ɗaya hannun, kuma ludayin zubawa ba ya taɓa farantinsa. Ruwa ma, in goran kowa da kowa ne, ana ɗaga shi sama a tsiyaya cikin baki ba tare da leɓe ya taɓa ba.

A nan ne mu ya kamata mu yi hattara, don tarbiyyarmu ta bi wata hanya daban. Mu a wurinmu haɗa hannu a kwano ɗaya zumunci ne, zagaya ƙwaryar fura da ludayi ɗaya ba komai ba ne, ragowar babba kuma albarka ce ga yaro. Mai girkinmu za ta ɗiga miya a tafin hannu ta lasa, ta ci gaba da juyawa da hannun nan, ba ta ga laifi ba don a wurinmu babu laifin. A gidan da ƙanwarki za ta je, wannan kaɗai ya isa a zubar da tukunya guda. In an yarda ta ɗanɗana, ga yadda ake yi: ta ɗebo da ludayi ta zuba a ƙaramin kwano ba tare da ludayin ya taɓa kwanon ba, ta matsa daga murhu, ta ɗanɗana da wani cokali, ta kai kwanon da cokalin wurin wanke-wanke, ta wanke hannu, sannan ta dawo.

Akwai kuma girkin da ba a ɗanɗanawa sam. A gidaje da yawa, kafin kowa ya ci, ana zuba kaɗan daga kowane abinci a wani faranti da aka keɓe, a ajiye gaban waɗancan hotunan na ɗan lokaci, sau da yawa da ganyen tulsi a kai, wani tsiro ɗan uwan ɗoɗɗoya. Bayan haka abincin ya zama prasad, wato abinci mai albarka a wurinsu, sai a raba wa mutanen gida ko a mayar cikin tukunya. Tunda a ganinsu abin bautar ne ke fara ci, in mai girki ta riga ta ɗanɗana, ragowarta aka miƙa ke nan. Don haka gishiri da awo ake sa shi, ba da harshe ba. Gurasar farko da kika ambata, a arewacin Indiya ta saniya ce, ta ƙarshe kuma a gidaje da yawa ta kare ce. Inda babu saniya kusa, ana ajiyewa a ba tsuntsaye ko wata dabba. Kada ta ci, kada ta jefa a shara, ta tambayi inda ake ajiyewa.

Batun albasa da tafarnuwa kuma ya fito daga yadda suka kasa abinci gida uku, kamar yadda ya zo a babi na 17 na littafinsu Bhagabad Gita: mai sa natsuwa, mai tayar da sha'awa da zafin rai, da mai sa kasala da dushewar zuciya. Madara, man shanu, hatsi, ƴaƴan itace da ganye suna cikin na farko. Albasa da tafarnuwa, al'ada ta sa su cikin biyun ƙarshe, shi ya sa ake barin su ranar ibada. Abincin da ya kwana ma yana cikin na uku, don haka kada ta yi mamaki in an hana ta ɗumame.

Game da addininta: miƙa abinci gaban hotuna, kunna fitila da share kantar nan duk aikin mutanen gida ne, yawancinsu ma ba sa son wani ya yi musu. Tun ranar farko ta faɗa cikin ladabi cewa ita girki za ta yi, ba za ta kai farantin can ba, kuma a ware mata nata abincin kafin a miƙa. Hukuncin cin abin da aka riga aka miƙa kuwa, ku kai wa malaminku ya yi muku bayani, wannan fanninsu ne.

Hajiya Balki, Tawa

Malam Sani ya yi bayani, Allah ya saka da alheri. Sai dai Maman Nafisa, kada ƙanwarki ta ɗauka duk Ba'indiye haka yake. A ƙidayar 2011, Hindu sun kai kusan kashi 80 cikin ɗari, musulmi sun ɗan haura 14, kirista 2 da ɗoriya, Sik ƙasa da 2, Jaini ƙasa da rabin kashi ɗaya. Kuma ba gaskiya ba ne cewa duka ba sa cin nama. Binciken cibiyar Pew na 2021 ya nuna kashi 39 ne na manya suka ce ba sa cin nama. Mutumin Bengal da kifi aka san shi, musulmin Haidarabad da shinkafar biryani mai nama. To matambayi ba ya ɓata: ta tambayi addinin gidan, jihar da suka fito, da abin da ba ya shiga madafin.

In Jaini ne, dokar ta fi tsauri, tushenta kuma guje wa kashe kowane rai komai ƙanƙantarsa. Ba nama, ba ƙwai, ba zuma, ba abin da ake tonowa daga ƙasa: albasa, tafarnuwa, kwambitar, karoti, dankali. Masu tsantseni ba sa ci bayan faɗuwar rana, ruwa kuma sai an tace da ƙyalle. Gari sai an tankaɗe, wake sai an tsince don kada ƙwaro ya faɗa tukunya. In Sik ne, akwai abin da ya shafe mu kai tsaye: Sik mai riƙe da ƙa'idar addininsa ba ya cin naman da aka yanka irin yankan musulunci, naman kasuwarmu kuwa duk haka aka yanka shi. Kada ta sayo ta dafa don neman burgewa.

In Hindu ne, kamar yadda alamun da kika faɗa suka nuna, ta nemi a rubuta mata ranakun azumi. Ekadashi na zuwa sau biyu a wata, rana ta 11 bayan tsayuwar wata da ta 11 bayan cikarsa bisa lissafinsu; a ranar masu azumi ba sa cin shinkafa, alkama ko wake. Nabratri biki ne na dare tara, babbansa yana faɗowa a Satumba ko Oktoba. Azuminsu ba irin namu ba ne na barin ci da sha gaba ɗaya, ga yawancinsu canza abinci ne: madara, ƴaƴan itace, gyaɗa, kwambitar, da tapiyoka ta rogo, gishirin ma na dutse ake sawa, ba na yau da kullum ba. Gidajen da ke cin nama ma, da yawa suna barinsa ranar Talata.

Inda masu girki suka fi faɗawa ba a naman da ake gani ba ne, a wanda ya ɓuya ne. Dunƙulen miya irin su Maggi akwai mai ɗanɗanon kaza ko na jatan lande, sai an karanta takardar. Mayonez da kek da ƙwai ake yin su, su kuwa yawancin Indiyawa marasa cin nama suna shan madara amma ba sa cin ƙwai. Cukunmu na nan Tawa ma a yi hankali: a gargajiyance da abin da ake cirowa daga tumbin ɗan akuya ko ɗan maraƙi ake daskarar da madarar, to ga mai tsantseni bai halatta ba. Kayan da aka shigo da su daga Indiya suna da alama a jikin leda: koren ɗigo cikin koren murabba'i na nufin ba nama ba ƙwai, alama mai ruwan ƙasa na nufin akwai. Tukunya, wuƙa, katakon yanka da soson wanki da suka taɓa nama ba sa shiga ɓangaren marasa nama, ko an wanke su sau goma. Abincin da za ta zo da shi daga gida ma, in da nama a ciki, kada ya shiga firigonsu.

Maman Nafisa, Bukoki (Yamai)

Na gode Malam, na gode Hajiya, Allah ya ƙara sani. Na tambaya, Hindu ne daga Rajastan, ba sa cin nama ko ƙwai. Uwar gidan ta ce abin da za a fi buƙata kullum shi ne roti (gurasarsu), dal (miyar wakensu), kindirmo da man shanunsu. Ko akwai mai ba mu awo da matakai, tunda ba za ta riƙa ɗanɗanawa ba?

Inna Hawa, Wadata

Ƴata, in Rajastan ne kun yi sa'a, mutanen gero ne kamar mu. Ƙasarsu busasshiya ce, gero da man shanu da nono su ne abincin ƙauyukansu. Cibiyar binciken noma ta ICRISAT da ke Sadore, kudu da Yamai, babbar hedikwatarta a kusa da Haidarabad take, gero na cikin abin da ya haɗa mu.

Na fara da man shanu, wanda suke kira ghi, don shi ne ya fi daraja: da shi ake girki, da shi ake kunna fitilar ibada. Kada ta sayi soyayyen man shanu na kasuwa, namu da albasa ake soya shi, in ya shiga gidan ya ɓata abincin azumi da na miƙawa duka. Ta sayi ɗanye wurin masu nono, ta wanke shi da ruwan sanyi sau biyu ko uku har ruwan ya daina fari. Ta sa a tukunya mai kaurin gindi, wuta ƙasa-ƙasa, ba murfi. Zai narke, ya yi kumfa, ya riƙa ƙara yayin da ruwa ke fita. Kilo ɗaya na ɗaukar minti 25 zuwa 35. Alamar ya yi guda uku ce: ƙarar ta lafa, man ya yi garau har ana hangen gindin tukunya, tsakin da ya kwanta ya koma launin zuma. Nan take a sauke, don tsakanin launin zuma da baƙi minti ɗaya ne ko biyu, in ya ƙone ɗaci ya shiga ke nan. A tace da ƙyalle mai tsabta cikin busasshiyar kwalba. Kilo ɗaya na man kanti kan ba da giram 750 zuwa 800, na masu nono ya kan gaza haka don ya fi ruwa. In ya yi wari bayan ƴan kwanaki, ko dai an sauke shi ruwa bai gama fita ba, ko an sa masa jiƙaƙƙen cokali.

Roti na alkama: garin ba farar fulawa ba ce, alkama ce da aka niƙa da dusarta har ta yi laushi sosai. Giram 250 na gari, ruwa mai ɗumi mililita 150 zuwa 170, a zuba kaɗan-kaɗan. A murza minti 8, a rufe da jiƙaƙƙen ƙyalle minti 20 zuwa 30, a raba curi 8 zuwa 10, a murje kowanne ya kai faɗin santimita 15. Kaskon ƙarfe ya yi zafi sosai, ba mai. Gefen farko daƙiƙa 20 zuwa 30, da ƙananan ƙuraje sun taso a juya. Gefe na biyu ya ɗan fi daɗewa har ya yi ɗige-ɗige. Sannan a ɗauka da awartaki a ɗora gefen farko kan harshen wutar gaz, sai ya kumbura. In ya fito da tauri, ko kwaɓin ya bushe ko kaskon bai yi zafi ba har gurasar ta daɗe tana bushewa. In ya ƙi kumbura, kaurin bai daidaita ba ko gefe ya tsage tururi ya tsere. A shafa ghi a sa cikin ƙyalle a rufe.

Na gero daban yake. Garin gero ba shi da danƙo, ba ya jure muciyar murzawa, da tafin hannu ake faɗaɗa shi. Giram 200, ruwan ɗumi kamar mililita 150, kowane curi a murza shi da dunduniyar hannu dab da za a gasa, a bar shi da kauri, a gasa a wuta matsakaiciya. Garin ya zama sabon niƙa, don na gero yana da mai, in ya daɗe sai ya yi ɗaci. Da ghi da mazarƙwaila suke cin sa.

Dal kuma wake-wake ne ƙanana da aka ɓare aka raba biyu. Giram 200, a wanke, a jiƙa minti 30, ruwa mililita 700, kurkum rabin ƙaramin cokali, gishiri ƙaramin cokali ɗaya shafe. Uwar gida ta faɗa ko a ƙara gobe. Tumatir, tsamiya ko lemon tsami sai ya riga ya nuna, in an sa tun farko tsamin na hana shi laushi. Kuma kada ta sa kanwa irin yadda muke yi wa wake: kanwa na juya kurkum daga rawaya zuwa ja, da kallo ɗaya za a gane. Daɗin dal yana cikin suyar ƙarshe da suke kira tadka. Ghi babban cokali biyu a ƙaramin kasko; ƙwayar mastad ta fara shiga in gidan na amfani da ita, a jira ta fara tsalle; sai ƙwayar ƙamshi da suke kira jira (kumin), daƙiƙa goma; sai ɗan tsunkulen hing, wani ƙaro mai ƙarfin wari da ke maye gurbin albasa; sai busasshen barkono; garin yaji a ƙarshe bayan an sauke daga wuta. A juye kan dal ɗin a rufe nan take. In ƙwayoyin sun yi baƙi, a zubar a sake, ba ya gyaruwa.

Kindirmo ta riga ta sani. A tafasa madara lita ɗaya, a bar ta ta huce har yatsa mai tsabta ya jure ta, a sa ƙaramin cokali ɗaya ko biyu na tsohon kindirmo. A zafin Yamai na Afrilu awa 4 ta isa, lokacin ɗari sai 8 ko fiye, a nannaɗe kwanon da zane. In ya wuce lokaci zai yi tsami ya tsinke da ruwa.

Malam Idi, Plato

Ina so in ƙara abin da ba a faɗa ba, don yarinya ce za ta shiga gidan mutane. Dokokin nan suna da kyakkyawar fuska, amma a tarihin Indiya an yi amfani da su wajen ware mutane bisa asalin haihuwa. An yi zamanin da, a wurare da yawa, ɗan babban gida ba ya karɓar abin da aka dafa da ruwa, kamar shinkafa da dal, daga hannun wanda ake ganin yana ƙasa da shi, sai dai wanda aka soya da ghi. Wasu ma ba a barin su kusa da madafi ko rijiya. Tsarin mulkin Indiya da ya fara aiki a 1950, wanda Ambedkar ya jagoranci kwamitin rubuta shi, ya haramta wannan ƙyama a sashe na 17, duk da haka ba ta gushe daga kowane gida ba. Su kansu Indiyawa sun daɗe suna yaƙar ta ta hanyar girki: Guru Nanak, wanda ya kafa addinin Sik, aka kuma haife shi a 1469, ya assasa langar, madafin jama'a na Sik, inda kowa ke zama a ƙasa sahu ɗaya a ci abinci ɗaya. Na babban wurin ibadarsu a Amritsar yana ciyar da dubun-dubatar mutane kyauta kowace rana.

Saboda haka Maman Nafisa, ku rarrabe. Dokar da uwar gida da ƴaƴanta su ma suke bi, kamar cire takalmi da wanke hannu, dokar madafi ce, a bi ta da zuciya ɗaya. Amma in ita kaɗai aka ware wa tsohon kofi a waje, ko aka hana ta zama ta ci a wuri mai mutunci, wannan ba ibada ba ce, kuma tana da haƙƙin ta yi magana. Akwai kuma gidajen da mace mai haila ba ta shiga madafi na ƴan kwanaki. Al'ada ce da matan Indiya da yawa suke ja da ita a yau, amma in gidan na bi, a yi maganar tun kafin a fara aiki, a tabbatar ba za a yanke mata albashin kwanakin ba. Lokutan salla ma a tsayar da su tun ranar farko.

Hajiya Balki, Tawa

Maganar Malam Idi gaskiya ce. Abu biyu na manta. In gidan na da tsofaffin tukwanen tagulla ko na jan ƙarfe, ta duba cikinsu: ana shafe su da farar dalma ta kuza, in ta goge har jan ya bayyana, kada a dafa ko a ajiye mai tsami a ciki, ko tsamiya ko tumatir ko kindirmo, don tsamin na cin ƙarfen, abincin ya yi kore ya cutar da ciki. Kuma kada a goge cikin da soson ƙarfe. Na biyu, in za a kai alkama ko gero injin niƙa na unguwa, a je da sassafe kafin a niƙa tattasai da albasa, a fara zuba tafi biyu na hatsin a zubar da garin da ya fara fitowa, sannan a tari sauran.